Tabon Fuska, Man Bilicin da Bashin Waya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicce mu ya kyautata halittarmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

'Yan uwa Musulmi, iyayenmu maza da mata, mazauna Sabo da kewaye, da waɗanda takardar nan ke isa hannunsu a Bodija da Shasha da karar Akinyele, barkanmu da Juma'a. Takardar wannan mako ta ɗan fi ta kullum tsawo, a yi mana haƙuri. Muna roƙon duk wanda ya karɓa kada ya bar ta a shago ko ya naɗe goro da ita. Ya kai ta gida a karanta wa iyali, domin rabin maganar tasu ce, rabin kuma tamu ce mu maza.

Makonni uku da suka wuce wani saƙo ya shiga wayoyin mutane da yawa a cikinmu, har da wayar Malam Liman. Hoton wata baiwar Allah ne, matar ɗaya daga cikin masu sallah a masallacin nan, an rubuta a ƙasa da Turanci cewa ɓarauniya ce, ta ci bashi ta gudu. Waɗanda suka gani sun gani. Ba za mu faɗi suna ba, ba za mu faɗi layi ko sana'a ba, kuma sai da ita da maigidanta suka yarda muka ɗauki alƙalami. Su da kansu suka ce a rubuta, ko Allah zai sa wani gidan ya tsira.

Ga yadda abin ya faro. Lokacin da take da cikin ɗanta na biyu, wani baƙin tabo ya fito mata a kumatu biyu da goshi. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo, sai dai madubi da bakin mutane. Bayan suna wata maƙwabciya ta kawo mata man haɗi a cikin 'yar roba marar rubutu. Cikin sati uku fuska ta washe, kowa ya ce jego ya karɓe ta. Da ta daina sai tabon ya dawo, ya fi na da duhu. Ta koma, aka ƙara wa haɗin ƙarfi. Haka aka yi ta yi kusan shekara biyu, har fatar ta yi laushin da jijiyoyi ke bayyana, kumatu suka yi baƙi-baƙi kamar an goga gawayi. Daga nan aka nuna mata wani shagon gyaran jiki a cikin gari, aka ce sai an ɗaye fatar sau shida an haɗa da allura. Kuɗin ya fi ƙarfinta, tana kuma jin kunyar maigida. Yarinyar shagon ce ta karɓi wayarta ta sauke mata manhajar bashi. Da wa'adi ya cika ta ci na biyu don ta biya na farko, ta ci na uku don ta biya na biyu. Maigidan bai san komai ba sai ranar da abokan kasuwarsa suka fara kiransa. Wallahi da kyar aka riƙe auren nan, sai da manya suka zauna sau biyu.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne maganar likitan fata da aka kai ta wurinsa daga baya. Ya ce tabon farko irin wanda ciki ke kawowa ne, kuma a wurin mata da yawa yakan dushe da kansa bayan haihuwa in an yi haƙuri an guji rana. Wanda ke fuskarta yanzu kuwa man ne ya kawo shi, kuma shi ne mai wuyar fita. Garin neman gira aka taɓa ido.

Bayan wannan mun zauna da Malam Liman, mun kuma nemi wani ɗan uwa likita da ke sallah tare da mu idan aiki ya bar shi. Abin da ke tafe daga bakinsu muka tattara.

Tambayar farko da mata suka aiko ta hannun malamar Islamiyya ita ce: shin neman maganin tabo haramun ne, tunda an ce kada a canza halittar Allah? Malam ya ce a rarrabe abu biyu, kada a haɗa su a kwando ɗaya. Launin da Allah ya halicce ka da shi ba ciwo ba ne. A cikin Suratur Rum, aya ta 22, Allah ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu a jere da halittar sammai da ƙasa, a matsayin ayoyinsa. To wanda ya dubi baƙar fatarsa ya ga aibi, ya sa hannu zai kankare ta, ya tsaya ya tambayi kansa abin da yake kankarewa. A Suratun Nisa'i kuma, aya ta 119, an ba mu labarin alkawarin da Shaiɗan ya ɗauka na cewa zai umarci 'yan Adam su canza halittar Allah. A huɗubar da Annabi (SAW) ya yi a kwanakin hajjin bankwana ya bayyana cewa ja bai fi baƙi ba, baƙi bai fi ja ba, sai da taƙawa. Wannan ɓangare ɗaya ke nan.

Ɗaya ɓangaren shi ne abin da ya faɗo wa fata daga baya ya fitar da ita daga asalinta: tabon ƙuna, tabon ƙuraje, farin da ya ɓullo, baƙin da ciki ya kawo. Neman maganin wannan komawa ne ga halittar, kuma shari'a ta buɗe ƙofarsa. Malam ya kawo hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutum uku daga Banu Isra'ila, mai albaras da mai sanƙo da makaho, waɗanda Allah ya aika musu mala'ika. Da aka tambayi mai albaras abin da ya fi so, launi mai kyau da fata mai kyau ya roƙa, saboda mutane na ƙyamarsa. Ba a zarge shi a kan roƙon ba, an shafe shi ya warke. Inda ya faɗi shi ne butulcin da ya yi daga baya da ya sami dukiya. Akwai kuma Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman, wanda ya zo a Sahihu Muslim cewa yana da albaras ya warke sai gurbi ɗaya kamar faɗin dirhami. Wannan bawan Allah mai sauran tabo a jiki shi ne aka ce wa Sayyidina Umar in ya gamu da shi ya nemi ya roƙa masa gafara. Duk mai farin tabo da ke ɓoye hannunsa a cikin riga idan ya zo sahu, ya riƙe wannan labari. Sannan sahabi Arfaja ɗan As'ad, da aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Malamai sun kafa hujja da wannan wajen halatta gyaran aibi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, a kan wannan layi ta tsaya: gyaran lahani da mayar da gaɓa yadda take ya halatta, sauya halitta lafiyayya don bin son rai ko kwaikwayon wasu bai halatta ba.

Ado kuwa ba wanda ya hana. Lalle, kwalli, dilka, man kaɗanya, turare a cikin gida, duk iyayenmu sun yi, matan sahabbai ma sun yi lalle da kwalli. Sai dai likita ya ja kunne a kan baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi, wanda ake yi wa amare da yara ranar sallah. Yana ƙona wasu, ya bar zanen fulawar a hannu ya zama tabo. Jan lalle na ganye bai da wannan matsala a wurin yawancin mutane.

Yanzu ga bayanin likita, kuma a nan muke so a natsu, don yawancin asarar da ake yi daga rashin sanin sunan ciwon take farawa. Ya ce a cikin fatar kowane mutum akwai ƙwayoyin da ke yin wani sinadari mai suna melanin, shi ne rinin jiki. Baƙi da fari duk suna da ƙwayoyin nan kusan daidai, yawan rinin da suke fitarwa ne ya bambanta. Aikin rinin shi ne tare zafin hasken rana kada ya lalata fata, shi ya sa sankarar fata ta fi yawa a wurin Turawa. Wato abin da ake biyan kuɗi a cire, laima ce Allah ya ba mu mu da muke yini a rana a bakin tireloli.

Fatarmu kuma tana da wata ɗabi'a: duk inda aka ji ciwo ko aka sosa ko ƙurji ya fito, wurin yakan yi baƙi bayan ya warke. Wannan shi ne tabon da ya fi yawa a fuskokin samari da 'yan mata. Maganinsa na farko shi ne a magance ƙurajen, a daina matsa su, a daina dirza da soso mai kaushi ko lemun tsami ko toka. Yana dushewa, amma a hankali, wata shida ko shekara ba abin mamaki ba ne. Sai tabon ciki da muka ambata, wanda ƙwayoyin tsarin iyali ma kan tayar da shi, rana kuma na ƙara masa ƙarfi. Shi yana son inuwa, da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, sannan in ya ƙi tafiya likita na da abin da yake rubutawa na ɗan lokaci yana dubawa. Ya ce a gaya wa mata masu ciki da masu shayarwa kada su shafa komai na tabo sai sun tambaya, don akwai magungunan da ba a ba mai ciki.

Akwai wani baƙi da ya ce mu ja layi a ƙarƙashinsa: wanda ke fitowa a bayan wuya da hammata, mai kauri da laushi kamar karan-miski, wanda uwa za ta yi ta dirzar yaro tana cewa dauɗa ce. Sau da yawa alama ce jiki ya fara gazawa wajen sarrafa suga, musamman ga mai ƙiba. Wannan gwajin jini yake so, ba sabulu ba.

Fari kuma kala-kala ne. Kyasbi, da ke fitowa a ƙirji da baya yana ɗan gari-gari, naman gwari ne, zafi da gumin Kurmi na taimaka masa, maganinsa kuma ba tsada. Akwai farin da likitoci ke kira bitiligo, wanda fata ke yin fari sol kamar madara a baki ko yatsu ko gefen ido. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta kashe ƙwayoyin rini. Ba a ɗaukarsa ta musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya, ba sammu ba ne, ba kuma don an sha nono bayan an ci kifi ba ne. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke da shi a duniya. Ana iya tsayar da shi, wani wurin ma launi ya dawo, musamman a fuska, in an fara da wuri, amma duk wanda ya ce zai warkar da shi tas cikin sati biyu kuɗinka yake so. Wanda ya fi gaggawa shi ne tabo mai haske ko ja-ja wanda in an taɓa shi da auduga ko tsinke mutum ba ya ji. Wannan yana iya zama farkon kuturta. Kada a tsorata, kada kuma a ɓoye. Ana warkewa da ƙwayoyi na wata shida ko goma sha biyu, kyauta ake bayar da su, kuma wanda ya fara da wuri ba ya rasa yatsa.

Zabiya kuwa halitta ce, gado ne daga uwa da uba duka biyu, ko da su baƙaƙe ne. 'Yan uwanmu zabiya babban abokin gabarsu rana ce, sankarar fata na kashe da yawansu tun suna matasa. Wanda ke da yaro zabiya a gida ko a shago kada ya tura shi talla ko dako da tsakar rana. Malafa, riga mai dogon hannu, man kariya, da kujerar gaba a makaranta saboda raunin ido. Masu tsokanarsu da sunaye kuma su tuna abin da Annabi (SAW) ya gaya wa Abu Zarri ranar da ya goranta wa wani mutum da uwarsa, ya nuna masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi.

To me ke cikin robar nan marar rubutu? Likita ya ce galibi abu uku ne, wani lokaci duka a haɗe. Na farko ana rubuta shi hydroquinone a jikin kwali. Magani ne na gaske, likitoci na amfani da shi na 'yan watanni a kan tabo kaɗai, hukumar NAFDAC kuma ta hana ya wuce kashi 2 cikin ɗari a kayan shafa. Idan aka daɗe ana laftawa shi ke kawo baƙin nan mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ya kama 'yar uwarmu. Na biyu su ne mayukan cikin tub da ake saya a kemis a matse a cikin man shafawa, ku duba za ku ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. An yi su ne don kumburi da ƙaiƙayi na kwanaki kaɗan. Shafa su a jiki duka shekara da shekaru na sa fata ta yi siriri, nankarwa ta tsattsage cinya da hannu, makero da ƙuraje su samu gida, ciwo ya ƙi warkewa. Yana shiga jini, yana iya kawo hawan jini da ciwon suga. Ya ce masu tiyata na shan wahalar ɗinke irin wannan fata, a tuna mace ba ta san ranar da haihuwa za ta zo da aiki ba. Na uku zaiba ce, wadda ke cikin wasu sabulai da mayuka, galibi ba a ma rubuta ta. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono, tana kuma bin tawul da zanen gado ta kai ga wanda bai taɓa shafawa ba. Allurai da ƙwayoyin hasken fata da ake yayi yanzu kuwa, ya ce shi dai ba zai bari a ɗura wa 'yarsa wani abu a jijiya a shagon da ba likita ba.

Abin ba ƙarami ba ne. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ya kawo cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da kayan hasken fata, a 2023 kuma shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta kira lamarin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya. Malam ya ce ko da an ajiye maganar canza halitta gefe, ƙa'idar nan ta cewa ba cuta ba cutarwa ta isa hukunci. Wadda ke shafa wa jariri ko ƙaramar yarinya kuwa, don kada dangin miji su ce ta haifi baƙi, ta ji tsoron Allah. Yaron amana ne, bai roƙa ba, fatarsa kuma ta fi ta babba saurin tsotsewa.

Gargaɗi ɗaya daga likita: wadda ta daɗe tana shafa mai irin na tub kada ta yanke rana ɗaya don ta karanta takardar nan. Fuska na iya yin ja ta yi zafi ta feso da ƙuraje, jiki ma na iya rikicewa. A je asibiti da robar da kwalin a hannu, a faɗi gaskiyar shekarun da aka yi, su za su tsara yadda za a janye. Asibitin koyarwa na UCH ga shi nan kusa da mu, akwai likitocin fata.

Mu dawo kanmu, maza. Wa ke cewa "fara ko mayya ce"? A majalisar wa ake faɗa ana dariya? Wa ke zuba man bilicin a akwatin lefe, ko ya ba da kuɗin gyaran amarya ya ce yana so ya ga ta canza? Akwai wanda zai auro yarinya baƙa kyakkyawa, bayan shekara biyu ya fara yi mata gori da matar maƙwabci, in fuskar ta ƙone kuma shi ne na farko da zai kawar da kai ya tafi neman wata. Iyaye mata masu zaɓar wa ɗa mata su ma suna da nasu kason. Kuma kada mu yi kamar ba mu gani, samarinmu ma sun shiga, gaɓoɓin yatsu na tona musu asiri a wurin alwala. Cikinmu akwai masu sayar da kayan nan a shago, ana lodinsu zuwa Arewa tare da sauran kaya. Malam ya ce wanda ya san abu na cutarwa ya sayar, ya binciki halaccin ribarsa. Ba mu ce a rufe shagon kayan shafa ba. A tace abin da ke kan kanta, a bar wanda ba lambar NAFDAC, a bar haɗin roba.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ta kai mu ga wannan rubutu. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, kuma mu 'yan kasuwa mun fi kowa sani. Amma na waya daban ne. Mu yi lissafin kasuwa: a ce an ba ka naira 100,000 a kan ruwa kashi 15 cikin ɗari duk wata. Wata shida ruwan kaɗai ya zama 90,000, ban da tarar jinkiri, ban da abin da wasu ke zaftarewa tun kafin kuɗin ya shigo. Wane buhun albasa ne ke kawo wannan riba, balle fuska da ba ta kawo ko sisi? Sunansa riba, ko an kira shi kuɗin hidima, kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya yi shelar yaƙi daga Allah da Manzonsa ga wanda ya ƙi barinta. Sannan lokacin da ka danna "na yarda", wasu manhajojin lambobin wayarka da hotunanka ka miƙa musu. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a 2022 saboda irin wannan tozarci, kuma tana karɓar ƙorafi. Wanda aka yi wa haka ya adana saƙonnin, kada ya goge. Wanda kuma saƙon ya shigo wayarsa, kada ya tura gaba. Mun ji takaicin yadda hoton nan ya zaga zaurukan WhatsApp na unguwa kafin la'asar, a hannun mutanen da ke sahun gaba.

Shagunan da ke cewa a yi aiki yanzu a biya kaɗan-kaɗan, Malam ya ce a duba. Idan an yanke farashi ɗaya tun farko, ko ya fi na kuɗi hannu, aka raba shi wata-wata ba ƙari in an makara, jumhurun malamai sun halatta. Idan wani kamfani ne a tsakiya ke ba da kuɗin yana ɗora ruwa, ko bashin na ƙaruwa da jinkiri, an koma gidan jiya. Halaccin hanyar biya kuma ba ya halatta aikin da asalinsa haramun ne. Likita ya ƙara da cewa ɗaye fata da aikin na'urar leza suna da wurinsu a hannun ƙwararre, amma a baƙar fata in hannu bai iya ba ƙuna suke bari da tabon da ya fi na farko. Kafin a biya ko kwabo a tambaya: wane ne zai yi, likita ne mai rajista, sau nawa za a zo, nawa ne jimla, in ya ɓaci wa zai gyara?

Annabi (SAW) ya taɓa ƙin yi wa wani mamaci sallah saboda bashin da ke kansa, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Abin da ya kai wannan nauyi ba a ɗaukarsa don kwalliya. Tsarin da Malam ya ba mu shi ne: abin da ke ciwo ne ko alamar ciwo, kamar tabon da ba ya ji, ko gyambon zabiya, ko fatar da mai ya lalata, a nema masa kuɗi ko ta halin ƙaƙa, da taimakon dangi, da rance marar ruwa, har da zakka in mai shi mabuƙaci ne. Abin da ke aibi ne mai damun rai amma ba ya ƙaruwa, a yi masa tanadi ko a shiga adashi a jira kwasa. Abin da ke son ƙarin haske ne kawai, ba a taɓa jari ko kuɗin makarantar yara saboda shi, balle a ci bashi. Masu inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jihar Oyo, su sani ba a saba biyan aikin kwalliya da ita ba, amma ganin likita a kan ciwon fata wani abu ne daban, a tambaya a asibitin da aka yi rajista.

An tambayi Malam ko wajibi ne miji ya biya. Ya ce littattafan fiƙihu na da ba su sa kuɗin likita cikin ciyarwar dole ba, amma manyan malamai na wannan zamani da dama sun ce magani ya zama kamar ci da sha, kuma zaman kyautatawa da aka umarce mu bai yarda mutum na da hali matarsa na ɓoye ciwo ba. Ya ce abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne mace ta iya buɗe baki ta gaya wa mijinta damuwarta ba tare da ya yi mata dariya ko tsawa ba. 'Yar uwarmu ta ce da ta san maigidan zai saurare ta, da ba ta miƙa wayarta ga yarinyar shago ba. Shi kuma ya ce shekara biyu yana ganin fuskar na canzawa bai taɓa tambaya ba.

Kwamitin masallaci ya zauna ranar Lahadi ya yanke abubuwa kamar haka. Asusun marasa lafiya zai karɓi buƙatar ciwon fata kamar kowane ciwo, da sharaɗin a zo da takardar likita, kuma asibiti ko kemis za a biya kai tsaye, ba a ba da kuɗi a hannu. Ba za a biya wa kowa man haske ko allurarsa ko aikin shagon gyaran jiki ba. Wanda bashin waya ya riga ya shaƙe, namiji ko mace, ya zo a duba yadda za a raba shi da shi ta rance marar ruwa gwargwadon abin da ke asusun, a rubuce da shaidu biyu kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta koyar. Maza su ga sakatare ko ma'aji bayan sallar isha'i, mata su bi ta hannun malamar Islamiyya, ba sai sun zo da kansu ba, kuma sunan kowa ba zai fita daga littafin ba. Asusun a yanzu ba shi da nauyi, don haka za a zaga da akwati na biyu yau bayan sallama.

Ɗan uwanmu likita ya yarda zai zauna da mata ranar Asabar ta sama bayan la'asar a ajin Islamiyya, tare da wata ma'aikaciyar jinya. Kowace ta zo da duk abin da take shafawa, har da na yara, a cikin leda baƙa in tana jin kunya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti